Ranar Da Jirgin Babana Ya Faɗo

Ku da kuka cika min akwatin saƙo da zagin Malakai tun da hoton fuskarsa ya fara yawo a waya, ku ɗan ajiye duwatsunku tukuna. Wata har cewa ta yi gara da Allah ya nuna min halinsa tun ba a kai ga aure ba. Na gode da kulawa, 'yar'uwa, amma ba ki san komai ba. Ni Nevena Barisic a gabana aka yi, kuma abin da ya kamata in tofar tun ranar Asabar yau zan tofar da shi, ko da kuwa ni za ku koma jifa.

Babana, Stipe, manomin inabi ne a bayan garin Mildura, amma in kana son ka ga haƙoransa kada ka tambaye shi inabi, tambaye shi jirgi. Shekara talatin da huɗu yana cikin ƙungiyar masu tashin ƙananan jirage da rimot. A wurinsa mutane kashi biyu ne: masu jirgi, da sauran jama'a. Can ƙasan sauran jama'ar kuma akwai masu motocin rimot, waɗanda yake kira yara masu tura gwangwani. To sai ga 'yarsa ta kwaso masa shugaban masu tura gwangwanin. Malakai Fonua makanike ne, iyayensa mutanen ƙasar Tonga, faɗin ƙirjinsa ya kusa cika ƙofa, amma in ya ɗauki 'yar mota yana gyara mata taya sai ka ce jinjiri yake wa wanka.

Da shi muka kama tsohon shagon gyaran takalma a cikin gari. Ɓangare ɗaya jirage da farfela da katakon gini, ɗayan motoci da tayoyi, a baya kuma ɗan filin tsere da Malakai da 'yan'uwansa suka share da shebur. Sunan da muka sa masa ma'anarsa Sama da Ƙasa. Baba ya ce ƙasan ce za ta cinye saman. Shi so yake in ci gaba da zama a ofishin rumbun inabi ina amsa waya har in tsufa, yayana Drago kuwa bai taɓa kiran Malakai da sunansa ba, kullum "wannan naki" ne.

Akwai doka ɗaya da dole ku sani, in ba haka ba ba za ku gane girman abin da ya faru ba. Rimot na zamani da kansa yake neman jirginsa, ko mutum ɗari suka kunna ba wanda zai shiga hanyar wani. Na da ba haka yake ba. Kowanne yana da tasharsa kamar rediyo, in biyu masu tasha ɗaya suka kunna lokaci guda sai jirgin da ke sama ya rasa wanda zai bi. Shi ya sa a jikin rumfar filin akwai allo da aka jera maƙalan shanya na katako, kowanne da lambar tasha. Sai maƙalin yana hannunka kake da ikon kunnawa. Yanzu tsofaffi uku kawai suka rage masu kula allon, Baba ne mafi taurin kai a cikinsu. Tasharsa 633. Kafin in iya karanta sunana na iya wannan dokar, da kuma jerin da yake sa ni maimaitawa: sandar giya, wato mai ƙara wa inji wuta, a yi ƙasa da ita, eriya a zaro har ƙarshe, sannan a kunna.

Ranar Asabar ƙungiyar ta buɗe filin ga jama'a, kuma ranar ce Baba ya zaɓa ya fara tashin Milka. Sunan mahaifiyata ke nan. Katon jirgi ne ruwan ɗorawa, faɗin fikafikansa ya fi tsawona. Mama ce ta lulluɓe fiffiken hagu da leda tana manna ta da ƙaramin dutsen guga a kan teburin kicin, wata biyu kafin ta rasu. Sauran jirgin Baba ya shekara biyar yana gininsa shi kaɗai, yana rushewa yana sakewa, don kawai kada ya gama.

Na tashi da wuri na sa shuɗiyar rigar shagon mai sunanmu a ƙirji, da wandon jins da takalmin gona, na tufke gashina ta bayan hula. Baba ya fito da farar riga mai karin guga kamar mai zuwa coci. Ƙanwarsa Gwaggo Luba, wadda ke riƙe da gidanmu tun rasuwar Mama, ta ɗaura atamfar girkinta mai zanen lemo, don ita ce mai gasa nama da albasa ana sawa cikin burodi ana sayarwa. A mota ta yi min kashedi: in Malakai ya zo, ya gaida Baba sau ɗaya ya matsa, yau ba ranar neman fada ba ce.

Saƙon Malakai ya shigo muna kan hanya: "Rigar shagon nan ta matse ni. In na yi numfashi maɓalli zai kashe wani." Na yi dariya har Drago ya harare ni ta madubi. Dariyar ƙarshe ke nan da na yi.

Teburin tallan shagonmu a bayan rumfa aka ba mu, kusa da wurin ajiye motoci. Cikin kayan da na baza har da wani kwali da matar marigayi Des Hannaford ta kawo min, kayan mijinta, ta ce in rabar ko in sayar, ita dai kada ta ƙara ganinsu. Des abokin Baba ne. Shekara ashirin suna tasha ɗaya, maƙali ɗaya suke miƙa wa juna suna zagin juna. Na san wannan sarai. Ina so ku riƙe cewa na sani.

Wajen sha ɗaya aka yi shela kowa ya sauke jirginsa, don al'ada ce in sabon jirgi zai fara tashi a bar masa sama shi kaɗai. Na ji injin Milka ya ɗauka, na ji ana tafi. Ina shirin zagayawa in kalla sai wani baƙo mai malafa ya tsaya a teburina, ya ɗaga tsohon rimot ɗin Des, ya tambaya ko har yanzu yana aiki. Wata uku ina cikin rimot na zamani, kullum in kunna goma in kashe goma ba tare da tunanin kowa ba. Ga kuma mutum na farko da ya nuna zai sayi wani abu a hannuna. Na karɓa. Sandar giya ƙasa, eriya har ƙarshe, na kunna. Allurar ta motsa, na ce masa, "Ka gani, da ransa."

Sai kukan injin ya canja.

Duk wanda ya tashi a filin nan ya san wannan kukan. Na ɗaga kai na ga Milka ta saman rumfa ta kife, cikinta a sama, ta miƙe, ta sake kifewa. Baba yana ihu yana kiran lambar tasharsa, yana cewa wa ya kunna. Ni kuwa ina tsaye da abin a hannuna, yatsana a kan makunnin, na kasa motsa shi. Jirgin ya sunkuyo da hanci da cikakken gudu ya nufi rumfar gashi. Na ji ƙarar kwano, na ji tukunyar gas ta yi gefe, sannan na ji muryar Gwaggo Luba. Farfelar ta tsaga mata hannu daga kafaɗa har gwiwar hannu. Atamfar mai lemo ta koma ja kafin a kai gare ta.

Ban san lokacin da Malakai ya zo ba. Na ji dai an zare rimot ɗin daga hannuna a hankali, an kashe. Ya ce min ƙasa-ƙasa, "Matsa baya, Neva." Na matsa. Baƙo mai malafa tuni ya sulale. Haka Drago ya zagayo ya same mu: ni a gefe hannu wayam, Malakai riƙe da rimot. Drago ya fizge, ya juya bayansa ya karanta lambar, ya ɗaga kai.

Naushin farko a baki ya sami Malakai, na ji ƙarar haƙori. Na biyu a ido. Malakai ya yi shekaru yana wasan zari-ruga, na taɓa ganin ya ɗaga bayan mota an zaro taya. Da ya ga dama da hannu ɗaya zai ninke Drago. Sai ya mayar da hannayensa baya ya riƙe su. Wannan ya ƙara tunzura Drago, ya sa gwiwa ya doke shi a ciki, da ya durƙusa ya bi shi da takalmi a haƙarƙari, yana cewa daman ya faɗa, daman ya san ɗan tura gwangwani sai ya kashe wani a filin nan. Maza uku suka riƙe Drago ya watsar da su.

Sannan Baba ya iso. Farar rigarsa duk jinin ƙanwarsa, maƙalin 633 yana maƙale a aljihunsa, a hannunsa kuma guntun fiffiken hagu. Bai yi ihu ba. Ya ajiye fiffiken a kan teburina, ya ɗauki rimot ɗin Des daga ƙasa, ya daɗe yana kallonsa. Ya tambaya wa ya kunna.

Bakina ya buɗe. Na rantse muku ya buɗe.

Malakai ya tofar da jini ya ce, "Ni ne, Mista Barisic. Ban san dokar ba."

Baba ya karya eriyar daga gindinta. Ta ƙarfe ce, doguwa mai kauri, irin ta da. Ya shiga zabga masa ita a fuska, a wuya, a kunne, numfashinsa kawai ake ji. Bulala ta huɗu ce ta tsaga kunnen. Sai da eriyar ta lanƙwashe ta ƙi dukuwa sannan ya yar. Duk tsawon lokacin nan ko sau ɗaya bai kalle ni ba. Ni kuma, 'yar gidan Barisic mai bakin da ba ya mutuwa, ina tsaye ina kallon jini yana sauka a kan sunan shagonmu, ban ce uffan ba. Tsoro ne. Ba wani suna da zan sa masa, tsoro ne tsagwaronsa.

Asibiti ɗaya aka kai su, Gwaggo a ɗaki, Malakai a benci. Ita an yi mata ɗinki mai tsawo, likita ya ce da farfelar ta ɗan matsa sama da a wuya za ta sauka. Shi an ɗinke kunnen, haƙori ɗaya ya tafi, haƙarƙari biyu sun tsage. Da ɗan sanda ya tambaye shi, cewa ya yi santsi ya kwashe shi ya faɗa kan tirela. Kafin yamma shugabannin ƙungiya sun zauna sun hana shi taka filin har abada, sun kuma sanar cewa ba memban da zai sayi ko ƙusa ɗaya a shagon da yake da hannu a ciki. Shagon da ba a ma buɗe ba.

Ranar Lahadi gidanmu ya yi tsit. Gwaggo tana kwance a falo an tokare mata hannu da matashi, tana ba ni umarnin yadda zan dafa miyar kaza kamar ban taɓa shiga kicin ba. Maƙwabta suna ta shigowa da kwanukan kek, kowacce sai ta riƙe hannuna ta ce sannu, Allah ya raba ni da wahala. Drago ya zaunar da ni ya ce zaɓi biyu gare ni: in cire sunan wannan nawa daga shagon, shi da kansa zai zuba sauran kuɗin da ake buƙata a buɗe, ko kuma in kwashe kayana in bi shi. Gwaggo ta ce ya bar yarinya ta ji da abin da ke damunta, ai ita ma cutarta aka yi. Wannan tausayin ya fi zagi ciwo. Na shiga banɗaki na kulle ƙofa.

Na rubuta wa Malakai cewa zan faɗa. Amsarsa ta zo nan take: "Kada ki soma. Ni babanki bai taɓa sona ba, bai yi asarar komai ba. In ke ce, rana ɗaya zai rasa jirgin da 'yarsa." Na ce to shagon fa, kai fa? Ya ce: "Kunne ne, ina da wani." Har da hoton dariya. Na kifa wayar na yi kuka, don na san da wane baki ya yi dariyar.

Da la'asar wani saƙon ya shigo, daga yayarsa Mele, wadda ta saba kirana ƙanwarta. Wannan karon ba gaisuwa. "Ƙanena bai taɓa riƙe rimot ɗin jirgi ba, ya ce sandunan suna ruɗa shi. Ke kin sani, ni na sani. Mazan gidanmu su tara suna zaune a tsakar gida tun da aka taso daga coci. Mama ta hana su fita saboda yau ranar Ubangiji ce. Gobe Litinin."

Litinin da safe na fito na tarar da Baba a teburin kicin, wurin da Mama ta yi gugar fiffiken. Ya shimfiɗa jarida, ya jera abin da ya tsinto: guntun fiffike, maƙalin, da lanƙwasasshiyar eriya. Kofinsa ya huce bai taɓa ba. Na lura ba motar Drago a waje, amma ban kawo komai a raina ba. Na ɗora ruwan zafi don in sami abin yi da hannuna.

Ba tare da ya juyo ba ya ce, "Neva, masu mota suna zaro eriya?"

Na ce ban sani ba.

"Kin sani. Nasu guntuwa ce, ba a zaro ta. Wanda bai san jirgi ba, in ya ɗauki rimot ɗin Des, makunni kawai zai danna. Da eriyar tana ciki, daga bayan rumfa, da wuya ta kai inda jirgina yake." Ya shafa ƙarfen da yatsa. "Wannan an zaro ta har ƙarshe. Sandar giya kuma tana ƙasa. Mutum biyu na koya wa haka a duniya, ɗaya Drago ne, shi kuwa yana gefena lokacin."

Butar ta fara kuka, ban iya kashe ta ba. Na zauna a ƙasa a kan tayil, na ce ni ce, Baba, ni ce. Na faɗa masa komai, baƙon da malafarsa da allurar da ta motsa. Na jira ya tashi. Na ma fi son ya tashi, ya ɗauki abin nan ya yi min yadda ya yi wa Malakai, ko na samu sauƙi. Da na ga bai motsa ba na tambaye shi yaushe ya gane, jiya ne ko yau.

Ya ce, "Tun da na ɗauke shi daga ƙasa."

Ban fahimta ba sai da ya juyo na ga idonsa.

"Na sani ina dukansa. Kowace bulala na sani. Hannuna sai ya sauka a kan wani, kuma ba zai sauka a kan 'yar Milka ba. Shi ma ya ga na sani. Yana kallona, ya bar ni."

Tun da nake ban taɓa ganin babana ya ji kunya ba. Na ga fushinsa, na ga kukansa ranar jana'iza, amma wannan tsohon da ke zaune kafaɗunsa a zube ban san shi ba. Ashe mu biyu ne muka kwana biyu a gida ɗaya muna ɓoye ƙarya guda, kowa yana zaton shi kaɗai ne matsoraci. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma namu wani muka tura ciki ya kwanta mana.

Wayata ta yi ƙara a kan kantar kicin. Mele ce, hoto ta turo ba rubutu. A-kori-kurar Drago a ƙofar shagonmu, gilashin gaba a warwatse a kan titi. Saƙo na biyu ya biyo: "Malakai yana ciki, ya je kwashe motocinsa. Na kasa tsare su, sun fito."

Na miƙa wa Baba wayar. Ya kalla, ya tashi, ya ɗauko makullin motarsa daga ƙusa. Motar da ko Drago bai taɓa tuƙawa ba. Ya sa min makullin a tafin hannu, ya ce ni zan tuƙa. Sannan ya ɗauki maƙalin 633 ya maƙala min a wuyan rigar barcina, yadda yake min ina 'yar shekara bakwai in zai ba ni sandunan rimot.

Ya ce, "Ke za ki fara faɗar naki. In kin gama ki miƙo min, in faɗi nawa."

Gwaggo tana kira daga falo tana tambayar ina za mu ba karin kumallo. Ba wanda ya amsa mata. Da silifa na tuƙa, gonakin inabi suna wucewa ta gefe, Baba ya riƙe guntun fiffiken a cinyarsa, ban ma san ya ɗauko shi ba.

Muna shan kwanar titin shagon na hango su. Allon Sama da Ƙasa yana reto da ƙusa ɗaya, motocin tsere a tattake a bakin hanya. Malakai yana zaune a dokin ƙofa, kansa naɗe da bandeji, hannayensa biyu a baya. Drago yana tsaye a kansa da ƙarfen kwance taya. Daga ɗaya ƙarshen titin kuma motoci uku ne na 'yan'uwan Malakai suke shigowa a jere, ƙofofinsu sun fara buɗewa tun ba su tsaya ba.

Na ɗora hannu a kan hon na danna, ban ɗaga ba, na saka motar babana tsakaninsu da Drago.